Gwajin gadon sankarar mama: Wa ya kamata ta yi, kuma me kuɗinta zai saya mata?

A garin Jere da ke Ƙaramar Hukumar Kagarko a Jihar Kaduna, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, gwajin jini kafin aure ya daina zama baƙon abu. Iyaye da malaman masallatai da na coci-coci sun san ma'anar AA da AS da SS, sun kuma san cewa cutar sikila gadonta ake yi. Sai dai akwai wani gwajin gado da bai kai wannan shahara ba, duk da cewa ya shafi cutar dajin da ta fi kowace kashe mata a Najeriya, wato gwajin da ke nuna ko mace ta gaji haɗarin kamuwa da sankarar mama.

Alƙaluman cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu sankarar mama fiye da 32,000 a Najeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu sanadiyyarta. Wannan ne ya sa tambayar ko mata za su so yin gwajin, da kuma nawa za su iya biya, ta wuce zancen ɗakin bincike.

Abin da gwajin yake nema

A jikin kowane ɗan Adam, namiji ko mace, akwai wasu ƙwayoyin gado biyu da masana ke kira BRCA1 da BRCA2. Aikinsu shi ne gyara ɓarnar da kan faru a cikin ƙwayoyin halitta yayin da suke rarrabuwa. Idan mutum ya gaji ɗaya daga cikinsu da tawaya, gyaran yakan yi rauni, ɓarnar ta riƙa taruwa har ta iya rikiɗewa zuwa sankara. Wata masaniya 'yar Amurka, Mary-Claire King, ce ta gano mazaunin BRCA1 a 1990, aka tantance ita kanta ƙwayar a 1994, sannan BRCA2 ta biyo baya a 1995.

Ana yin gwajin ne da jini ko miyau, kuma sau ɗaya ya isa a rayuwa, domin abin da aka gada ba ya canzawa. Binciken da aka yi a ƙasashen Yamma ya nuna cewa tsakanin kashi 45 zuwa 72 cikin 100 na matan da ke ɗauke da tawayar sukan kamu da sankarar mama kafin su kai shekara 80, alhali a cikin sauran matan Amurka adadin bai wuce kashi 13 ba. Tawayar tana kuma ƙara haɗarin sankarar ƙwan mace, a wajen maza kuwa tana ƙara haɗarin sankarar furostet da ta mama.

A nan ne ya bambanta da gadon sikila. Yaro ba ya zama mai sikila sai ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka. Ita kuwa tawayar BRCA daga ɓangare ɗaya ta wadatar, kuma kowane ɗa ko 'ya na iya gada ko kuɓuta daidai wa daida. Uba ma yana gadar wa 'yarsa ko da shi bai taɓa yin ciwo ba. Saboda haka tarihin gwaggo da kaka ta wajen uba yana da nauyi daidai da na inna da kaka ta wajen uwa, abin da iyalai da yawa kan manta idan likita ya tambaye su.

Abin da binciken Ibadan ya gano

A duniya, ana ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na sankarar mama ke da nasaba da gado kai tsaye. Amma wani babban bincike da aka yi a Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago tare da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, ya nuna cewa lamarin ya fi haka a Najeriya. A sakamakon da aka wallafa a 2018, an auna mata 1,136 masu cutar, aka samu kashi 14.7 cikin 100 na ɗauke da tawayar gado: kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2, sauran kuma a wasu ƙwayoyin kamar PALB2 da TP53.

Binciken ya ƙara fito da abubuwa biyu. Matsakaicin shekarun matan lokacin da aka gano cutar bai kai 48 ba, wato suna tsakiyar renon 'ya'ya da neman abinci. Sannan a cikin waɗanda aka san matakin ciwonsu, kimanin kashi 86 cikin 100 sun zo asibiti ne a mataki na uku ko na huɗu, lokacin da magani ya fi tsada kuma ya fi wuyar cin nasara.

An kuma lura cewa tawayar da ke jikin matan Najeriya iri-iri ce, ba 'yan ƙalilan ne ke maimaituwa ba. Wannan yana da tasiri a kan aljihu: gwaje-gwaje masu araha da ake tallatawa a intanet, waɗanda ke duba wasu 'yan wurare kaɗan da aka fi sani a jikin wasu al'ummomin Turai da Amurka, na iya ce wa 'yar Najeriya ba ta da komai alhali tana da shi. Wanda ya dace da ita shi ne wanda ke karanta ƙwayar gaba ɗayanta.

So daban, iko daban

Farashin gwajin ya faɗi sosai a duniya. Kafin 2013, kamfanin Myriad ne kaɗai ke da ikon yin sa a Amurka, kuma kuɗinsa ya haura dala 3,000. A watan Yunin shekarar, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa ba wanda zai mallaki ƙwayar gadon ɗan Adam, wasu kamfanoni suka shigo, farashin ya sauko har zuwa wajen dala 250.

To amma dala 250, a canjin 'yan shekarun nan, ta haura naira 300,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, Jihar Kaduna kuma ta tsayar da nata a kan naira 72,000. Ke nan gwajin kaɗai ya fi albashin wata huɗu na ƙaramar ma'aikaciya, ba a maganar kuɗin mota da na aika jini zuwa ɗakin gwaji mai nisa. Mafi yawan matan Jere da Kagarko da Kwoi da Kachia ma ba albashi suke ɗauka ba. Noma da ƙananan sana'o'i ne abin dogaronsu, kuma annobar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta nuna yadda kuɗin shekara guda kan iya narkewa a damina ɗaya. Ga shi kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa.

Masana tattalin arzikin lafiya kan auna niyyar biya ta hanyar gabatar wa mata zaɓuɓɓuka daban-daban: wannan mai araha ne amma sakamakonsa na jinkiri, wancan mai tsada ne amma ya haɗa da ganin mai ba da shawara. Daga abin da mace ta zaɓa ake gane abin da ta fi bai wa muhimmanci. Sai dai amsar da aka bayar a takarda ba ita ce kuɗin da ke ɗaure a bakin zane ba. Mace na iya son gwajin da zuciya ɗaya, amma idan kuɗin makaranta da na taki suka zo a wata guda, abin da ke ciwo yau shi ake fara biya. A gidaje da dama kuma irin wannan kashe kuɗi ba ya yiwuwa sai da yardar maigida ko gudummawar 'yan uwa ko kwasar adashe, wanda ke nufin sai ta faɗi dalili.

Abin da ya wuce kuɗi

Faɗin dalilin nan shi ne babban abin da ke sa wasu mata ja da baya. Sakamakon gwajin gado ba na mutum ɗaya ba ne. Da zarar ya fito, ya taɓa 'yan uwa da 'ya'ya. A al'ummar da ake binciken asali kafin a ba da aure, uwa na da dalilin fargabar kada a ce gidansu gidan ciwo ne, manema su guji 'ya'yanta. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sanya bayanan gado da na lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, amma doka ba ta hana tsegumin unguwa. Don haka wanda zai karɓi sakamakon, da inda za a faɗe shi, da wanda zai ji, duk suna cikin abin da mace ke aunawa.

Akwai kuma batun fahimtar sakamakon, domin iri uku ne. Idan an samu tawaya, ba a ce mace tana da sankara ba, ba a kuma ce lallai sai ta kamu ba. Haɗarinta ne ya fi na sauran. Idan ba a samu ba, ba a ce ta tsira ba, tunda mafi yawan masu cutar ba gadonta suka yi ba. Na ukun shi ne a ga wani canji da masana ba su tantance ko yana da illa ba, kuma wannan ya fi faruwa ga 'yan asalin Afirka saboda ƙarancin bayanansu a rumbunan binciken duniya. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a zauna da mai ba da shawara kafin gwaji da bayansa. A Ibadan an gwada horar da ma'aikatan jinya su riƙa yin wannan aiki, hanyar da za ta iya amfanar kudancin Kaduna, inda ake da kwalejin horar da ma'aikatan jinya da ungozoma a Kafanchan.

Bayan sakamako, sai me?

Darajar gwajin tana ga abin da za a iya yi da shi. Ga wadda aka samu da tawaya, ƙa'idojin da ake bi a duniya sun tanadi likita ya riƙa duba ta duk wata shida zuwa shekara tun daga shekara 25, da hoton MRI duk shekara, sannan a ƙara da hoton mamogiram daga shekara 30. Wasu kan zaɓi tiyatar cire mama tun kafin ciwo, wadda ke rage haɗarin da kashi 90 cikin 100 ko fiye, ko cire ƙwan mace bayan an gama haihuwa. Ga wadda ta riga ta kamu, sakamakon na iya sauya irin tiyata da maganin da za a ba ta.

Duk waɗannan ba a ƙaramin asibitin gari ake samun su ba. Daga Jere, wadda ke kan hanyar Abuja zuwa Kaduna kuma take da tashar jirgin ƙasa, mace za ta iya nufar Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Ga ta ƙauyukan Jama'a ko Sanga kuwa, zangon farko shi ne babban asibitin da ke Kafanchan, daga nan a tura ta gaba. Wadda ta tattara dukan abin da ta mallaka ta biya gwaji, sannan ba ta da kuɗin hoton shekara-shekara, damuwa kawai ta saya.

Hanyar da ta fi sauƙi

Likitoci ba su ce kowace mace ta yi wannan gwaji ba. Waɗanda aka fi ba shawara su ne wadda ta kamu da cutar tana ƙasa da shekara 50, ko ta kamu a mama biyu, ko mai sankarar ƙwan mace, ko namijin da ya kamu da sankarar mama, ko wadda 'yan uwanta na jini biyu ko fiye suka yi cutar a ɓangare ɗaya na dangi.

Ko a irin wannan gida, hikimar ita ce a fara da wadda ke da ciwon. Idan an gano tawayar a jikinta, sauran 'yan uwa wannan wuri ɗaya kawai za a duba musu, wanda ya fi araha kuma amsarsa ta fi fitowa fili. Maimakon mata biyar su biya cikakken gwaji kowace da nata, dangi na iya haɗa kuɗi a yi wa mutum ɗaya. A nan ne kuma tallafin hukuma zai fi yin tasiri. Asusun tallafa wa masu cutar daji na Gwamnatin Tarayya, wanda asibitin Shika na cikin cibiyoyin da aka fara da su, yana taimaka wa marasa ƙarfi wajen jinyar sankarar mama. Da za a sanya gwajin gado ga majinyatan da suka cika sharuɗɗa cikin irin wannan tsari, ko cikin inshorar lafiya ta ƙasa da ta jiha, kowane sakamako guda zai iya faɗakar da gida guda.

Ga sauran mata kuwa, abin da ya fi gaggawa bai kai wannan tsada ba. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na yaƙi da sankarar mama, wanda aka ƙaddamar a 2021, ya sa burin a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala tantancewa cikin kwana 60, sannan kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen magani. Ƙullutu a mama ko a hammata, ko jini daga kan nono, ko shigewarsa ciki, ko sauyin fata, ko gyambon da ya ƙi warkewa, duk dalilai ne na zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba, ko da babu zafi. Tambayar dattawan gida ko wace cuta ce ta ɗauki gwaggo ko kaka, kuma tana da shekara nawa, ba ta cin ko sisi, kuma da amsarta ne likita zai fara sanin wadda gwajin gado ya dace da ita.