Yadda Ake Dama Ayaba da Nono Don Amfanin Iyali

Kamar yadda jama'a suka sani, ayaba ba ta jure zafi. Wadda aka sauke a kasuwa yau, cikin 'yan kwanaki ɓawonta ya yi baƙi, mai talla ya zubar, jarinsa ya karye. Alhali kuwa wannan ayabar da ta nuna luguf, matuƙar ba ta ruɓe ba, ita ce ta fi dacewa da damu, domin garin da ke cikinta ya riga ya koma sukari.

A kowane giram 100 na ayaba akwai kalori kusan 89 da sinadarin fotashiyam wajen miligiram 350. Sai dai sinadarin gina jiki da ke cikinta wajen giram 1 ne kawai, shi ya sa muke ba da shawarar a haɗa ta da nono ko kindirmo. A ɓare ayaba 2, a farfasa su da ludayi a ƙwarya mai tsabta, a zuba nono kofi 1, a burga da maburgi har ya yi sumul. Ba sai da injin markaɗe ba, balle wutar lantarki. Wanda ya samu garin soyayyar gyaɗa ya ƙara cokali guda. Sukari kuwa, a ganinmu ɓarnar kuɗi ce.

Inda muka fi jan hankalin jama'a shi ne batun tsabta. Madarar shanu da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da na bakkale, don haka a tafasa ta kafin a kwantar da ita ta zama nono. Haka nan ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba tana iya kawo amai da gudawa. A sha damun nan take. In ya jima sai ya yi duhu, ko da yake ɗan ruwan lemun tsami yana jinkirta hakan.

Muna roƙon jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da dagatai da masu unguwanni su tunatar da iyaye mata cewa jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ake ba shi. Masu ciwon sukari da masu ciwon ƙoda kuma su tuntuɓi likita kafin su mayar da wannan damu abin shansu na kullum.