RIKICIN MASU GIDA DA MAGINA A MASAKA: TUN RAN GINI TUN RAN ZANE

Da zarar ruwan farko ya sauka a cikin watan Afrilu, sai asirin ayyukan da aka yi da rani ya fara tonuwa a garin Masaka. Rufin da aka sake wa kwano wata biyu da suka wuce ya soma yoyo, silin ya jiƙe ya yi ciki, filastar bango ta kumbura tana zubowa, tayil ɗin tsakar ɗaki kuwa in an taka shi sai a ji yana ƙara kamar an buga ƙwarya. Daga nan sai mai gida ya shiga neman wanda ya yi masa aiki. In ya yi sa'a ya same shi, sai a hau musu, mai gida ya ce an ha'ince shi, magini ya ce iyakar kayan da aka ba shi ke nan. In kuwa bai yi sa'a ba, sai ya tarar da wayar a kashe, maƙwabta su ce ai birkilan ya daɗe da tafiya wani aiki a wata jiha.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga ƙaramin ma'aikaci ko ɗan tireda wanda ya yi shekaru yana adashi domin ya gyara inda iyalinsa za su kwana. Haka kuma ba ƙaramin abu ba ne ga maginin kirki wanda aka riƙe wa cikon kuɗinsa a kan laifin da ba nasa ba, alhali leburorinsa suna tsaye a ƙofar gidansa suna jiran hakkinsu.

GARIN BAƘI

Masaka tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Keffi, gaba da Mararaba, a cikin Ƙaramar Hukumar Karu, ƙasar Gbagyi. Tun da aka kafa Babban Birnin Tarayya da dokar soja ta 6 ta shekarar 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammed, musamman kuma bayan da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Ikko ranar 12 ga Disamba, 1991, jama'a suke ta kwarara wannan yanki. Rushe gine-ginen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, sa'ad da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan birnin, ya ƙara tura mutane da yawa zuwa garuruwan bakin iyaka. Wanda tsadar haya ta kora daga cikin birni, sai ya sayi ɗan fili ko tsohon gida a Masaka, ya riƙa gini yana gyara gwargwadon yadda kuɗi suka shigo.

Abin da ya biyo baya shi ne gari ya cika da baƙi. Mai gida daga wata jiha yake, birkila daga wata, kafinta daga wata, mai sa tayil kuwa wataƙila ma daga wata ƙasa ta maƙwabta ya zo. Sau da yawa a bakin titi aka haɗu da safe, aka yi jinga da baki, aka ba da kafin alƙalami, ba shaida ba takarda. Mai gida ya yi sammako ya tafi aiki cikin Abuja, cunkoson motoci ya riƙe shi sai bayan isha, watau bai ga yadda aka kwaɓa siminti ko sau ɗaya ba.

YADDA MAGABATA SUKA YI

A birane irin su Kano da Zariya gini sana'ar gado ce, kuma tana da shugaba, watau Sarkin Magina. A Zazzau har yanzu ana tunawa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu a ƙarni na 19. A wancan tsari an san gidan kowane magini, an san wanda ya koya masa aiki. In soro ya yi yoyo ko azara ta karye tun ba a je ko'ina ba, an san ƙofar da za a tsaya a yi sallama, kunya kaɗai ma ta isa ta sa mutum ya dawo ya gyara.

Ɗora wa mai sana'a alhakin aikinsa tsohuwar ƙa'ida ce a duniya. Dokokin Sarki Hammurabi na Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), sun hukunta cewa in bangon da magini ya yi ya karkace, to, shi zai gyara da kuɗinsa. Malaman Malikiyya kuma sun yi bayani a kan lamunin masu sana'a, kamar yadda ya zo a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani wadda ake karantawa a zaurukan malamai, suka kuma tabbatar da cewa wanda ya ɓata kayan wani ta hanyar sakaci shi ke da ranko. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Bahaushe ya taƙaita maganar da cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To, a Masaka babu waccan sanayya ta gado. Abin da zai tsaya a madadinta shi ne takarda da shaidu.

LAIFIN WA?

Galibin lalacewar da ake rigima a kanta tana da dalili sananne. Kankaren da ake zubawa a ginshiƙi da linta ana haɗa shi ne a kan awo, wanda aka fi sani shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Maginin da ya ƙara kwanon sarki biyu na yashi don ya rage buhu ɗaya ya sayar, ko ya cire katakon da ke tallafe da dakin tun bai ƙosa ba, shi ya jawo tsagewar. Haka nan wanda bai haɗa bakin kwanon rufi da kyau ba, ko ya sa ɗanyen katako marar maganin gara, ko ya shafa fenti a kan filastar da ba ta bushe ba.

Amma fa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Akwai masu gida da ke zaɓen wanda ya fi araha ba tare da sun je sun ga aikin da ya yi a baya ba. Akwai masu sayo bulon da ke marmashewa a hannu da rodin da bai kai kauri ba, sa'an nan su ce a yi haka nan. Akwai masu sake shawara a tsakiyar aiki, yau a toshe taga gobe a fasa ƙofa, ba tare da an sake lissafi ba. Tashin farashi ma yana da nasa rabon. A watan Fabrairu na 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin siminti aka yi magana a kan Naira 7,000 zuwa 8,000. Duk wanda ya karɓi jinga kafin wannan tashi ya sami kansa tsakanin ya yi asara ko ya yi algus.

Mafi haɗari shi ne gyaran da ya taɓa ƙashin bayan gini, kamar a ɗora bene a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa, ko a rushe bangon da ke ɗauke da nauyi domin a faɗaɗa falo. Irin wannan aiki yana bukatar injiniya da izinin hukuma. Rushewar makarantar Saints Academy a Jos ranar 12 ga Yuli, 2024, inda mutum 22 suka rasu, ta isa ta tunatar da kowa cewa maganar gini maganar rai ce.

IDAN ƁARNA TA AUKU

Mataki na farko shi ne mai gida ya danne zuciya, kada ya yi gaggawar kiran wani ya farfasa aikin, domin in ya yi haka ya rushe hujjarsa da hannunsa. Ya ɗauki hotuna, ya adana rasit, da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin waya. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da irin waɗannan a kotu in an cika sharuɗɗanta. Sa'an nan ya sanar da magini a rubuce abin da ya lalace, ya ba shi wa'adi mai ma'ana ya zo ya duba ya gyara.

In aka yi gardama a kan musabbabin ɓarnar, sai a nemo wani masani wanda ba ya da hannu a cikin aikin, magini mai rajista ko injiniya, ya duba ya rubuta abin da ya gani da kuɗin da gyara zai ci. Da wannan a hannu ake zaman sulhu a gaban wanda duka ɓangarorin biyu suke jin nauyinsa, ko mai unguwa, ko liman, ko fasto, ko shugaban masu sana'ar. Sulhun kuwa yakan ƙare a ɗaya daga cikin uku: magini ya sake aikin da ƙarfinsa, ko a rage masa kuɗi gwargwadon ɓarna, ko a raba asarar in laifin na kowa da kowa ne. Lalle ne a rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya sa hannu, a sa ranar gamawa.

In sulhu ya faskara, akwai hukumomi. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai hedkwata a Abuja, ta ba wanda aka yi wa aiki marar inganci ikon neman a gyara masa ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Majalisar CORBON, wadda aka kafa da dokar soja ta 45 ta 1989, tana ladabtar da magina masu rajista, COREN kuma injiniyoyi. Sai dai ikonsu na ladabtarwa a kan 'ya'yansu yake, mafi yawan birkilolin bakin titi kuwa ba su cikin kowane littafi. Inda aka yi kwangila babba, ana iya sa sharaɗin kai saɓani gaban mai sasantawa bisa ga Dokar Sasantawa ta 2023.

KURAKURAI BIYU

Kuskure na farko shi ne garzayawa ofishin 'yan sanda a sa a kulle magini. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Mai gidan da ya yi haka yana iya wayar gari shi ake ƙara a kan tauye hakkin ɗan Adam, rufinsa kuma yana nan yana yoyo. Inda 'yan sanda suke da hurumi shi ne in an yi sata ko zamba, kamar wanda ya kwashe buhunan siminti ya sayar, ko ya karɓi kuɗi da sunan aikin da tun farko bai yi niyyar yi ba.

Na biyu shi ne mantawa da iyaka. Mutane da yawa suna kiran Masaka Abuja, amma a doka tana cikin Jihar Nasarawa ne, wadda aka cire daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Saboda haka izinin gini daga hukumar raya birane ta Jihar Nasarawa ake nemansa, ƙara a kan aikin da aka yi a garin kuma galibi kotunan jihar ne suke sauraronta, watau kotunan yanki da na majistare da ke Masaka da Mararaba, ko Babbar Kotu in kuɗin suna da yawa. Ya kamata kuma a sani doka ta yanka wa'adin shigar da irin wannan ƙara, don haka jinkiri yana iya kashe hakki.

RIGAKAFI

Takarda guda ta isa ta hana yawancin waɗannan rigingimu. A rubuta cikakken sunan magini da inda yake zaune da wanda ya tsaya masa. A rubuta aikin da za a yi ɗaki ɗaki, da wanda zai sayi kaya, da irin kayan, da abin da za a yi in farashi ya tashi. A raba biya kashi kashi, kowane kashi sai an duba aikin da ya gabata. A manyan kwangiloli an saba riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har tsawon wata shida bayan gama aiki, domin a ga ko wani aibi zai bayyana. Ba abin da zai hana mai gidan Masaka ya yi koyi da haka, ya sa sharaɗin cewa cikon kuɗin rufi sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sau biyu ko uku ɗaki bai ɗiga ba.

Wannan takarda kariya ce ga magini kamar yadda take ga mai gida. Ita za ta nuna ya faɗa tun farko cewa bulon ba shi da kyau aka ce ya ci gaba, ita kuma za ta tilasta a biya shi ranar da ya cika alkawari. Wasu suna ganin neman a rubuta alama ce ta rashin yarda, har su ce ai tsakaninsu amana ce. Amma masu wannan magana su ne aka fi gani a ƙofar kotu da damina, kowa yana rantsuwa a kan abin da aka faɗa a bakin titi wata shida da suka wuce.

Ya rage ga masu unguwanni da shugabannin masu sana'ar gini a Masaka su buɗe littafin sunayen magina da kafintocin da ke aiki a yankunansu, su kuma riƙa zama shaida in za a ƙulla jinga. Rani shi ne lokacin gyara, shi ne kuma lokacin da ya kamata a zauna a rubuta, tun kafin a farka buhun siminti na farko.