Me Ke Kawo Tsadar Zanen Jiki A Ƙasashen Duniya?

Masu kallon ƙwallon ƙafa na Turai a talabijin sun saba ganin 'yan wasa waɗanda zane ya rufe hannuwansu tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Wannan zane, da Turawa ke kira tatu, ɗan'uwan jarfa ne da aka sani a ƙasar Hausa, watau a huda fata a cusa baƙi ko wani launi a ƙarƙashinta, ya zauna har mutuwa. Sai dai jarfar wanzami tukuici kaɗan take ci, amma a birane kamar London da New York cika hannu ɗaya da zane yakan cinye dubban daloli. Tawadar da ake zubawa kuwa ita ce mafi araha a cikin dukan abin da mutum ke biya.

Abu na farko da ake saye shi ne lokaci. Tun da wani mutumin New York mai suna Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin zane mai aiki da lantarki a cikin 1891, aikin ya yi sauri ƙwarai, amma duk da haka babban zane bai gamuwa a zama ɗaya. Saboda haka yawancin shaguna a Amurka da Turai da awa suke lissafi, kuma a Amurka ba abin mamaki ba ne gwani ya nemi dala 150 ko 200 a awa guda. Wurin da za a yi zanen a jiki ma yana da tasa rawar. Haƙarƙari da wuya da yatsu sun fi damtse wuyar aiki, domin fatar ba ta tsayawa wuri ɗaya, ga kuma zafi da ke sa a riƙa tsayawa ana hutawa, alhali kuwa lissafin awa bai tsaya ba. Ko ɗan ɗigo mutum yake so, akwai mafi ƙarancin kuɗin da shago ba zai sauka ƙasa da shi ba, don kuwa sai an fasa sabuwar allura, an sa sabuwar safar hannu, an tsabtace wurin aiki. Daga abin da aka biya ɗin ne mai shago ke cire kasonsa na haya da lasin, wanda wani lokaci yakan kai rabi.

Na biyu kuma doka, wadda ke iya ɗaga farashi ba tare da mai zane ya ƙara ƙwarewa ko kaɗan ba. Birnin New York ya haramta sana'ar daga 1961 har 1997 bisa dalilin yaɗuwar ciwon hanta. A Koriya ta Kudu, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1992 cewa zanen jiki aikin likita ne, sai ya zamana dubban masu sana'ar suna aiki a ɓoye, a ɗakunan da ba su da allon talla, kowane lokaci suna fargabar tara ko ɗauri. Wanda ke aiki cikin irin wannan hali kuwa sai ya sa kuɗin kasadarsa a cikin farashi. Sai a watan Satumba na 2025 majalisar ƙasar ta zartar da dokar ba su lasin. Japan ma ta sha irin wannan taƙaddama, har Kotun Ƙolinta ta raba gardama a 2020 a kan shari'ar wani mai zane na birnin Osaka, ta ce ba a bukatar takardar likita. A Tarayyar Turai kuwa, daga watan Janairu na 2022 aka taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a cikin tawadar zane, shaguna suka zubar da kwalaben da suke da su, suka sayi sababbi.

To, amma ba ko'ina ne ake lissafin awa ba, kuma a nan ne labarin ya fi daɗin ji. A tsibiran Samowa da ke tekun Fasifik, namiji yakan ɗauki zanen da suke kira pe'a, wanda ke rufe jiki daga ƙugu zuwa gwiwa. Ba kowa ke da ikon yin sa ba, sana'ar gado ce ta wasu gidaje, kamar gidan Su'a. Kayan aikinsu na asali haƙorin gadu ne da aka feƙe kamar matsefi, aka ɗaura a ƙoƙon bayan kunkuru, ana buga shi da ɗan sanda. Aikin yakan ɗauki kwanaki da yawa, wani lokaci makonni. Dangin mutum ne ke ciyar da gwanin da mataimakansa masu ja masa fata, sa'an nan ranar gamawa a sallame shi da tabarmi masu laushin saƙa, waɗanda su ne dukiyar girma a wurinsu, tare da abinci da kuɗi. Abin da aka bayar yana nuna darajar gidan da ya bayar. Wanda kuma ya kasa jure zafi ya gudu da rabin zane, ya jawo wa danginsa abin kunyar da babu kuɗin da zai goge shi.

A ƙasar Tailan, a wurin ibada na Wat Bang Phra, malaman addinin Buda suna zana wa mutane rubutun tsari da dogon ƙarfe mai tsini. Abin sadakar da aka saba kaiwa furanni ne da turare da kwalin taba da 'yan kuɗi kaɗan. Amma bayan 'yar wasan Amurka Angelina Jolie ta je wurin wani malami mai suna Noo Kanpai a 2003 ya yi mata irin wannan zane, sai baƙi suka yi ta tururuwa, sunan malami ya zama abin da ake saye da tsada. Haka abin yake a ƙauyen Buscalan da ke kan duwatsun Kalinga a ƙasar Filifin, inda tsohuwa Whang-od ta shahara da yin zane da ƙayar itacen lemo da baƙin tukunya. Mujallar Vogue ta ƙasar ta sa hotonta a bangonta a watan Afrilu na 2023, tana da shekara 106. Kayan aikinta ba su kai a yi musu kuɗi ba, amma baƙon da ya taso daga Turai ya kashe a jirgi da mota da ɗan jagora abin da ya ninka kuɗin zanen sau da yawa.

Araha ita ma tana da nata lissafin. Mai zanen bakin titi da ke karɓar kuɗi kaɗan, sau da yawa a wajen tsabta yake rage asara. Allura ɗaya da ta ratsa jikin mutum biyu tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau, kamar dai yadda ma'aikatan lafiya suka daɗe suna gargaɗi a kan askar wanzami ɗaya ga jama'a da yawa. A Nijeriya, sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana yi wa yaro jarfa ko tsaga. Malaman Musulunci kuma mafi yawansu sun tafi a kan haramcin zanen da ba ya fita, shi ya sa lalle, wanda ke gogewa cikin 'yan makonni, ya riƙe kasuwarsa.

Akwai kuma kuɗin da mai shago ba ya faɗa wa mutum ranar da ya shigo. Wanda ya yi nadama, ko don neman aikin soja ko don sunan wadda suka rabu, sai ya koma wurin likita a ƙona tawadar da hasken leza. Ba a gamawa a zuwa ɗaya, akan koma sau shida ko goma ko fiye, da tazarar makonni tsakani, kuma kowane zuwa da kuɗinsa. Baƙi ya fi saurin fita. Kore da rawaya kan yi taurin kai, wani lokaci a gama biya duka inuwar zanen tana nan a fata.