Kura-kuran Masu Koyon Ƙera Ƙaramin Jirgin Sama da Yadda Za a Gyara Su

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Kawo, ko Mando, ko Unguwar Dosa, ba sai an kwatanta masa ƙarar jirgin sama ba, domin sansanin mayaƙan sama yana nan maƙwabtaka da mu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mu ga yara suna fere totuwar kara suna haɗa jirgi, in sun shigo sakandare kuma su so ƙera wanda zai tashi da gaske, a riƙa sarrafa shi da rimot daga ƙasa.

Sai dai sau da yawa jirgin farko ba ya cika minti ɗaya a sama. Ɗalibi ya tara kuɗin tararsa na watanni, ya kwana makonni yana yanka yana mannawa, ranar gwaji jirgi ya tashi ya dawo ya daki ƙasa da ka, abokai su yi dariya. Daga nan sai ya ce inji ne ba shi da ƙarfi, ko ya jefa komai a ƙarƙashin gado. Abin da muke so mu nuna a nan shi ne, da wuya laifin ya zama na inji. Kura-kuran kaɗan ne, an kuma san su, yawancinsu da rula da zare da reza ake gyara su.

Darasi daga magabata

A shekarar 1871 wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya tashi wani ɗan jirgi mai aiki da murɗaɗɗiyar roba a birnin Paris, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1878 mahaifin Wilbur da Orville Wright na Amurka ya kawo musu abin wasa mai tashi irin ƙirar wannan mutum. Da suka girma suka shiga aikin jirgi, ba su fara da inji ba. Daga 1900 zuwa 1902 jirage marasa inji suka yi ta gwadawa, sau ɗaruruwa, har suka gane daidaito da sarrafawa. Sai a ranar 17 ga Disamba, 1903 suka tashi da inji, na tsawon daƙiƙa 12.

Mu ma nan Kaduna muna da abin tunƙaho. A nan aka harhaɗa jiragen koyon tuƙi guda 60 masu suna Air Beetle domin mayaƙan sama, bisa ƙirar wani ƙaramin jirgin Amurka. A nan aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a watan Disamba na 2013, da Tsaigumi a watan Fabrairu na 2018. Sunayen sun dace, tun da aikinsu leƙe ne. Dokokin da suke riƙe waɗannan jirage a sama su ne suke riƙe na ɗan aji uku.

Kuskure na ɗaya: zaɓen jirgin da ya fi ƙarfinka

Mai koyo yakan so ya fara da jirgin yaƙi mai siririn fiffike, domin shi ne mai kyan gani. Irin wannan sai da gudu yake tashi, ba ya kuma ba ka lokacin tunani. Jirgin koyo shi ne mai fiffike a saman jiki, mai faɗi, wanda bakunansa biyu suka ɗan ɗaga sama. Wannan ɗagawar ce take sa jirgi ya dawo daidai da kansa in iska ta karkata shi. Fiffike mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita 18 ya isa. Shimfiɗaɗɗiyar jela kuwa ta zama kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na girman fiffiken.

Kuskure na biyu: nauyi

Tsoron karyewa yakan sa ɗalibi ya yi jiki da katako, ya zuba gam kamar yana yaɓen ɗaki, ya shafa fenti sau uku. Lissafi ya nuna haɗarin haka. In nauyin jirgi ya ninka biyu, to sai gudunsa ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari kafin fiffike ya ɗauke shi, in kuma ya faɗi da wannan gudun, ƙarfin dukan zai ninka huɗu. Ashe ke nan mai neman ƙwari da nauyi karyewa yake sayowa.

Gyara shi ne a yi amfani da farin soson nan marar nauyi da ake kare firji da talabijin da shi a cikin kwali, a ƙarfafa fiffike da siririn tsinken gora guda ɗaya daga baki zuwa baki. Jirgi mai girman da muka ambata kada ya wuce rabin kilo da yawa, har da batir. A auna shi a sikelin ɗakin kimiyya. A kula da gam kuma. Gam mai kama nan take, da na masu gyaran takalma, da fentin feshi, duk suna cinye wannan soso har ya huje. Farin gam na kafintoci ba ya cinsa. Kowane gam aka samu, a fara gwada shi a kan guntun da za a yar.

Kuskure na uku: rashin daidaito

Wannan shi ne uban kura-kurai, don haka za mu ɗan tsaya a kansa. Kowane jirgi yana da wani wuri da nauyin gaba da na baya suke haɗuwa su yi daidai, kamar yadda mai talla take neman tsakiyar faranti kafin ta saki hannu. Ga jirgi mai miƙaƙƙen fiffike, wannan wuri ya kamata ya faɗa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auno daga gefensa na gaba. Misali, in faɗin fiffike santimita 18 ne, wurin yana tsakanin santimita 4.5 da 6.

Ga yadda ake gwadawa. A sa komai a cikin jirgi, har batir. A yi alama da biro a ƙarƙashin fiffike, dama da hagu, kusa da jiki. A ɗora jirgin a kan yatsu biyu a daidai alamun. In ya tsaya a kwance, ko hancinsa ya ɗan sunkuya kaɗan, to an dace. In jela ce ta yi ƙasa, kada a kuskura a tashe shi.

Dalili kuwa shi ne, jirgi mai nauyin baya yakan ɗaga hanci sama, gudunsa ya ragu, iska ta daina bin bayan fiffike, sai ya zube. Ya sake ɗagawa ya sake zubewa, mai rimot kuma ba abin da zai iya yi. Mai nauyin gaba kuwa yana son yin ƙasa, yana buƙatar gudu, amma yana jin magana. Saboda haka in za a yi kuskure, gara a yi shi ta gaba. Wajen gyara, a fara matsar da batir, domin shi ne ya fi komai nauyi, a kuma ɗaure shi tam don kada ya zame a sama. Sai in hakan bai isa ba za a manna kwabo ko ƙaramin noti a hanci.

Kuskure na huɗu: karkace

Jirgin da yake ta juyawa gefe guda yana da ɗaya daga cikin cututtuka uku: fiffike ya murɗe, ko ɓangare ɗaya ya fi nauyi, ko jela ba ta zauna daidai ba. A tsaya a bayansa a rufe ido ɗaya a duba. A ɗauki zare a auna daga bakin fiffiken dama zuwa ƙarshen jela, a auna na hagu. Dole su zo ɗaya.

Bayan wannan sai gwajin hannu. Ba tare da kunna inji ba, a je inda ciyawa take da tsawo, a fuskanci iska, a tura jirgin a hankali, hancinsa yana ɗan kallon ƙasa. Jirgi mai lafiya zai sulala ya sauka can gaba. Wanda bai iya wannan ba, inji ba zai koya masa ba.

Kuskure na biyar: linzami da farfela

A jelar jirgi akwai linzamai biyu, na dama da hagu, da na sama da ƙasa. Wasu 'yan injuna da ake kira sarbo ne suke jan su da waya. Sau da yawa mai koyo yakan haɗa su a juye bai sani ba. Kafin kowane tashi a tsaya a bayan jirgi a gwada. In ka jawo sandar rimot wajenka, linzamin kwance ya ɗaga sama. In ka tura ta dama, linzamin tsaye ya karkata dama. In ba haka ba, a juya shi daga cikin saitin rimot. Motsin kada ya wuce santimita ɗaya kowane gefe ga mai koyo. Wayar jan linzami kuma in tana lanƙwasa, a zura ta cikin bututun biro, a manna bututun a jikin jirgi.

Farfela tana da gaba da baya. Fuskar da aka rubuta lambobi ita take kallon inda jirgi ya nufa. In an juya ta, inji zai yi ta ƙara amma jan zai ragu ƙwarai. Kullum a cire farfela in ana gyara a kan tebur, domin tana tsaga yatsa. A fara kunna rimot kafin a haɗa batirin jirgi, in an gama kuma a fara cire na jirgi.

Kuskure na shida: wasa da batir

Batirin litiyam da ake amfani da shi yana ba da bolt 3.7 a kowane gida. Kada cajinsa ya wuce 4.2, kada kuma a shanye shi ƙasa da 3.0. Yana da cajarsa ta musamman. In ya huje, ko ya kumbura, ko aka bar shi a rana irin ta watan Maris, yana iya kamawa da wuta. Haramun ne a yi cajinsa a ɗakin kwanan ɗalibai. A yi a ɗakin kimiyya, a kan siminti, malami yana wurin.

Ranar tashi

A zaɓi sassafe, kafin iska ta motsa. Da hunturu iskar arewa maso gabas takan yi ƙarfi da hantsi, ƙura kuma tana shiga inji. A tashi jirgi ana fuskantar iska, a sauke shi haka nan. A tuna cewa in jirgi ya juyo yana zuwa wajenka, damarsa ta zama hagunka. A fara auna nisan da rimot yake kaiwa tun jirgi yana ƙasa, 'yan kallo kuma su koma bayan mai tuƙi.

Akwai kuma batun doka. A shekarar 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta hana tashin jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Mu da muke zaune kusa da sansanin mayaƙan sama, da Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, da barikoki, wannan ya fi shafar mu. Kada ɗalibi ya ɗauki jirgi ya tafi fili shi kaɗai. A bi ta hannun malamin kimiyya da hukumar makaranta, su nemi bayani da izini.

Kammalawa

Muna roƙon iyaye da 'yan'uwa a ikilisiya, in kun ga yaro yana tara soso da kwali, kada ku ce shara ce, ku tambaye shi ina alamar daidaiton jirginsa take. Ku kuma ɗalibai, musamman 'yan ƙungiyar JETS, maza da mata, ku buɗe littafi ku riƙa rubuta nauyi, da wurin daidaito, da abin da jirgi ya yi a kowane gwaji. Ku canja abu ɗaya tak kafin gwaji na gaba, domin ku san abin da ya kawo gyara. In jirgi ya faɗi, ku tsince guntayen duka, ku duba su kafin ku manna. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.