Kujerar Na-Ƙi: Daga Hannun Talakawan Rum Zuwa Hannun Manya

Duk lokacin da Amurka ta daƙile ƙudurin tsagaita wuta a Gaza, ko Rasha ta yi haka a kan Yukiren, sai ka ji masu sharhi a rediyo suna cewa ai hawa kujerar na-ƙi gadon manya ne tun fil azal. Wannan magana ba ta yi wa tarihi adalci ba. Gaskiya ne ƙasashe biyar ke riƙe da wannan iko a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1945. Amma kalmar da suke kiransa da ita, veto, daga harshen Latin take, ma'anarta "na hana", kuma talakawa ne suka ƙwato ikon da guminsu.

A shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bashi ya yi wa talakawan birnin Rum katutu, har mai bin bashi kan ɗaure mutum ya sa shi bauta. Da tura ta kai bango, suka ƙi fita yaƙi, suka bar birnin suka tare a kan wani tudu. Masu mulki suka ga ba sarki sai Allah, suka yarda talakawa su riƙa zaɓen wakilansu. Ba a rufe ƙofar gidan irin wannan wakili dare da rana, domin wanda aka zalunta ya samu mafaka. Duk wanda ya ɗaga masa hannu jininsa ya halatta. Idan hukuma ta kama talaka, yakan shiga tsakani ya hana, daga baya ma hanin nasa ya kai ga shawarar Majalisar Dattawa.

Attajirai ba su yi barci ba. A shekara ta 133 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da wakilin talakawa Tiberiyus Girakus ya kawo dokar raba wa marasa gona filayen gwamnati, sai suka ja abokin aikinsa Oktabiyus ya hau kujerar na-ƙi. A shekarar aka kashe Girakus.

A yau kuwa, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin shugabanninmu. Tun 2005 Tarayyar Afirka ta tsaya a taron Ezulwini cewa tana son kujeru biyu na dindindin masu cikakken iko a Kwamitin Sulhu. A Satumban 2024 Amurka ta ce ta amince da kujerun, amma ban da ikon hanawa. Ƙasashe 54 za su zauna ke nan a yanke musu hukunci suna kallo? Ministocin harkokin wajenmu, na Abuja da sauransu, su fito fili su ƙi wannan tayi, su kuma daina zuwa New York kowa da tasa buƙatar.