Tauhidi da Haƙƙin Maƙwabci a Kudancin Kano

Duk wanda ya ratsa kudancin Kano da idon basira, tun daga ƙasar Bebeji inda madatsar ruwan Tiga take, ya bi ta Ba'awa da sauran ƙauyukan Kiru, ya gangara Tudun Wadan Dankadai, har ya dangana da dajin Falgore da duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, zai tarar da wani al'amari wanda mutumin birni bai cika saninsa ba, watau a nan Bahaushe iri uku ne ta wajen addini, alhali kuwa harshensu ɗaya, tuwonsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Akwai Musulmi, su ne mafiya rinjaye nesa ba kusa ba. Akwai Masihiyawa, Hausawan da suka shiga addinin Kirista, waɗanda za ka ji suna ibadarsu ran Lahadi da Hausa tsantsa. Akwai kuma ragowar Maguzawa masu riƙe da al'adar kakanni, waɗanda yawansu yake ta raguwa shekara bisa shekara. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi ƙasar da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta mulka kusan shekara ɗari ta ci gaba da zama da waɗanda ba Musulmi ba a cikinta, da gonakinsu da rumbunansu, ba a kore su ba, ba a kuwa tilasta musu salla ba? Wasu za su ce sakacin sarakuna ne, wasu su ce kwaɗayin haraji ne. Ni dai abin da na fahimta shi ne hukunci ne wanda malamai suka ciro daga littattafai da saninsu, kuma jahiltarsa na daga cikin abin da yake wahalar da mu yau.

Sai mu faro daga tauhidi, domin shi ne tushen mas'alar. A zamanin da Shehu yake yawon wa'azi a Gobir da Zamfara, an yi wasu ɗalibai da suka ɗanɗani ilmin kalami, suka haddace sifofin nan ashirin da suka wajaba ga Allah kamar yadda Imam Sanusi ya tsara su a Ummul Barahin, sa'an nan suka mai da wannan ilmi ma'aunin imanin talakawa, har suna cewa duk manomi ko makiyayin da bai iya kawo hujjar hankali a kan samuwar Ubangijinsa da kaɗaitakarsa ba, imaninsa bai inganta ba. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce, gama kafirta mutum a shari'a na nufin a haramta yankansa, a raba aurensa, a hana shi gado, in ya mutu a ƙi yi masa salla. Shehu ya tsaya tsayin daka wajen rushe wannan ra'ayi a littattafai da dama, cikinsu har da Hisnul Afham, bisa hujjar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi shahadar Larabawan ƙauye bisa zahirinta, bai zaunar da kowa ya tuhume shi da dalilan mandiƙi ba, abin da zukata suka ɓoye kuwa saninsa sai Allah.

Amma Shehun nan da ya hana a kafirta talaka saboda ƙarancin ilmi, shi ne kuma ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku a cikin Nurul Albab: Musulmi na haƙiƙa, da masu gauraya ayyukan Musulunci da na kafirci, da waɗanda tun asali ba su taɓa da'awar Musulunci ba. A kan kashi na biyu aka zare takobi. Sarkin Kano Muhammadu Alwali mai salla ne, amma ya gaji fada wadda a cikinta akwai Dirki, abin da tarihin sarakunan Kano ya ce Alƙur'ani ne da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, ko da yake shi Alwalin ne daga baya ya sa aka farfasa shi. Da jama'ar jihadi suka rinjaye shi ya bar birni, ƙarshensa a Burumburum ya kasance, cikin ƙasar Tudun Wada ta yau, wajen shekarar 1807. Ba kuwa dukan malaman zamanin ne suka yarda da hukuncin da aka yi wa irin waɗannan sarakuna ba. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana cewa abubuwan da ake zargin mutane da su saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci, Muhammadu Bello ya mayar masa da jawabi, ya kuma yi adalcin da ya cancanci yabo, ya zuba hujjojin abokin jayayyarsa a cikin Infaƙul Maisur yadda na baya za su karanta su auna. Wanda ya saurari muhawarar 'yan Izala da 'yan ɗariƙa tun daga 1978 ya san wannan jayayya ba ta mutu ba.

To, kashi na uku fa, watau Maguzawa? A nan ne fiƙihu ya yi aikinsa. Malaman mazhabobi sun yi saɓani game da wanda ya halatta a ƙulla wa zimma, a karɓi jiziya daga gare shi, a bar shi da addininsa. Imam Shafi'i ya taƙaita abin ga Ahlul Kitabi da Majusawa. Imam Malik kuwa, wanda mazhabarsa ce ƙasar nan take bi tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, ya faɗaɗa ƙofar har ta ɗauki sauran waɗanda ba Musulmi ba. Asalin maganar Majusawa sananne ne: Sayyidina Umar ya yi jinkirin karɓar jiziya daga gare su, sai da Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida cewa Manzon Allah ya karɓa daga Majusawan Hajar. Duk ɗalibin da ya durƙusa a zaure gaban malaminsa, yana jan baƙi malam yana fassara masa gaɓa gaɓa, in ya kai babin zakka a Risala ta Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani zai iske ƙa'idar a shimfiɗe: maza baligai 'ya'ya kaɗai ake karɓa daga gare su, ban da mata da yara da bayi, dinari huɗu ga ma'abota zinariya, dirhami arba'in ga ma'abota azurfa, matalauci kuwa a sassauta masa. Abin da mai zimma yake samu a madadin wannan shi ne jininsa da dukiyarsa da iyalinsa su haramta ga kowa, kāre su kuma ya zama wajibi a wuyan sarki. Da wannan ƙa'ida aka zaunar da Maguzawan Kano a matsayin 'yan amana, suna da manyansu, suna noman gandunsu, suna dafa giyarsu, suna yanka wa iskokinsu, ba wanda shari'a ta ba ikon ya shiga gidajensu ya hana su.

Ƙarya ce mutum ya ce abin da littafi ya faɗa shi aka aikata ko yaushe. Tsakanin alƙalamin malami da jakar jakada akwai tafiya mai nisa, kuma Bamaguje ya sha kallon raini da nauyin biya wanda ya zarce haddi. Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, sa'ad da ransa ya ɓaci da son duniyar da ya gani ya kunno kai cikin jama'ar jihadi, ya kama hanyar gabas, a Kano aka tsai da shi, a nan ya rubuta Diya'ul Hukkam don ya nuna wa sababbin masu mulki iyakokin da shari'a ta gindaya musu. Zaluncin haraji kuwa bai tsaya kan Maguzawa ba, gama a kansa ne Malam Hamza da jama'arsa suka tashi daga Tsakuwa a shekarun 1840 suka shige duwatsun Ningi, daga can kuma hare-haren Ningawa suka yi shekaru suna cin wannan kudanci, ba sa tambayar wanda suka kama ko yana salla. Duk da haka akwai bambanci babba tsakanin ƙasar da ake zalunci ana sane da cewa an saɓa wa doka, da ƙasar da ba ta ma san akwai dokar ba.

Turawa sun shigo ta nan ne. Rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya a Bebeji ta fara gamuwa da turjiya, ta fasa ƙofar garin da igwa, kafin ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. A ƙarƙashinsu aka narkar da jiziya cikin harajin bai ɗaya, aka kuma daɗe ana taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, sai a shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta sami ƙofa ta hanyar jinyar kutare, kamar a Yadakunya. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Lokacin da wani Ba'amurke mai bincike, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, ya tarar sun yarda Allah ne mahalicci, iskoki kuwa a ƙarƙashinsa suke, shaida ke nan ta yadda doguwar maƙwabtaka da Musulmi ta ratsa tunaninsu ba da takobi ba. Bayan haka yawancin Maguzawa suka rabu biyu, da yawa suka musulunta, wasu kuma, musamman inda makaranta da ɗakin magani na mishan suka riga kowa isa, suka zama Kirista. Ya kamata mu Musulmi mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan: mutumin da ka yi shekara ɗaruruwa kana sayen dawarsa kana kiransa arne, ba ka taɓa zama a ƙofar gidansa ka tambayi lafiyar ɗansa ba, in wani ya zo daga ƙetaren teku ya wanke masa gyambo, ba abin mamaki ba ne ya saurare shi.

Talakawan karkara kuwa sun daɗe da samo wa kansu hanyar zama, wadda in ka dube ta da kyau za ka ga fiƙihu ne a aikace. Bamaguje in zai yi biki, ya san maƙwabtansa Musulmi ba za su ci yankansa ba, bai kuma ɗauki wannan a matsayin cin fuska ba; sai ya aika a kira wani Musulmi, a kawo akuya a kwantar da ita ta fuskanci alƙibla, ya ambaci sunan Allah ya yanka, a ware tukunyar baƙi daban nesa da inda tulunan giya suke, kowa ya ci ya yi barka ya tafi. Ran gayya kuma a jeru a kunya ɗaya. Ba wanda ya bar aƙidarsa a wannan ciniki, ba kuwa wanda aka wulaƙanta. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ta yi maganar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba, mai yiwuwa yawancinsu ba su san fassararta ba, amma ga ta suna aiki da ita.

Inda abin yake gurɓacewa shi ne wurin da siyasa ta shigo, domin ɗan siyasa ƙidayar kawuna ya sani. Tun rangadin musuluntarwa da Sardauna Ahmadu Bello ya yi a shekarunsa na ƙarshe kafin a kashe shi a Janairun 1966, ya zama al'ada manya su je ƙauye a tara jama'a, a laƙƙana musu kalmar shahada, a raba tufafi, a ɗauki hoto. Ba na musun alherin da ke cikin wannan, Alƙur'ani ma ya sanya wa waɗanda ake lallashin zukatansu rabo a cikin zakka. Abin da nake ƙi shi ne motoci su juya a bar sabon musulunta ba malamin da zai koya masa alwala, ba rijiya, ba aji, ga shi ya rabu da danginsa, waɗanda ya shigo cikinsu kuma suna jinkirin ba shi aure. Haka nan nake ƙin mai wa'azin kowane ɓangare da zai hau mumbari gab da zaɓe ya mai da maƙwabci abin tsoro don a sami ƙuri'a. Ga kuma kukan da Masihiyawa suka daɗe suna yi game da wahalar samun filin gina majami'a da guraben aiki, alhali kakanninsu a ƙasar nan aka binne su. Yau ba zamanin jiziya ba ne. Alkawarin da ya ɗaure mu yanzu shi ne na zama 'yan ƙasa ɗaya, wanda sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa 'yancin addininsa a cikinsa, cika alkawari kuwa wajibi ne a kan Musulmi ko da wa ya ƙulla shi.

A watan Satumba na 2007 garin Tudun Wada ya ga abin da yakan faru idan aka manta da wannan. Zargin ɓatanci ga Manzon Allah ya taso daga wata makarantar sakandare, kafin a ce me, an rasa rayuka, an ƙone majami'u da shaguna. Babu Musulmin da zai ji an taɓa darajar Annabi zuciyarsa ba ta tafasa ba, ni ma haka. Amma wannan ya faru ne shekara bakwai bayan Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, shari'ar kuwa da ake kishinta ita ce ta ce zargi ba ya zama laifi sai a gaban alƙali, da shaidu adilai, da ba wanda ake tuhuma damar kāre kansa, kuma ba a kama wani da laifin wani. Mai shagon da aka ƙone a bakin kasuwa ba a kai shi gaban kowane alƙali ba. A mazhabar Malik, wanda ya lalata dukiyar mai amana ba bisa haƙƙi ba, biyanta ya hau kansa daidai da yadda zai biya ta Musulmi, kuma wannan babi ne da ya kamata limaman Juma'a na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su riƙa karanta wa matasa tun ƙura ba ta tashi ba.