Tawadar Allo Ta Isa A Zana Kuka Da Dutse

Duk yaron da ya yi makarantar allo a Bebeji ko Kiru ya san yadda ake haɗa tawada: a daka zuge ya yi laushi, a zuba ƙaro, a dama da ruwa a cikin kurtu. Abin da ba kasafai ake gaya masa ba shi ne, tawadar nan ɗaya tana iya ba da launi hawa-hawa, tun daga baƙi ƙirin har zuwa toka-toka mai kama da hazon hunturu, gwargwadon ruwan da aka sirka ta da shi. Wanda ya taɓa wanke allo ya ga haka da idonsa.

A kan wannan hikima mutanen ƙasar Sin suka gina fasahar zane da tawada tsarma tun zamanin daular Tang, watau daga shekarar 618 zuwa 907. Tasu tawadar ma daga baƙin hayaƙi ake yin ta, sai dai suna ɗaure ta da danƙon fatar dabba a maimakon ƙaro.

Bambancin nan yana da muhimmanci ga mai koyo. An yi tawadar allo ne don ta wanku, saboda haka idan aka sake bi ta kanta da jiƙaƙƙen buroshi sai ta tashi ta dagule. Dole ɗalibi ya fara da mafi tsarma, ya jira ta bushe sarai, sa'an nan ya ɗora mai kauri a wurin inuwa, da shafa ɗaya tak. Inda rana ta haska kuwa, farar takarda ake bari. Alƙalamin gamba shi ne na ƙarshe, don fito da tsagar ɓawo da ƙananan rassa. Gaggawa ce ke ɓata yawancin zanen masu farawa.

Abin zanawa bai yi wa kudancin Kano ƙaranci ba. Kuka a lokacin rani, sa'ad da ta kaɗe ganye, ita ce darasin fari, domin gangar jikinta tana nuna haske a gefe guda, inuwa a ɗaya. Duwatsun Riruwai a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, suna koyar da nisa: na kusa ya yi duhu, na bayansa ya dushe. Akwai kuma itatuwan dajin Falgore ta wajen Tudun Wada, da ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974, wanda ya fi duka wuyar kamawa a takarda.

Iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da zane saboda hani a kan surar mai rai. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Har wa yau, Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, kuma zanensa na tawada ya kai shi gidan Tate Modern na Landan a 2013.

Ɗalibin aikin gona ko na kimiyyar halittu shi ya fi kowa bukatar wannan horo. Wanda ya zauna sa'a guda yana ƙirga yadda ganyen ɗorawa ya jeru a kan reshe, da wuya ya sake ruɗa shi da na tsamiya a ɗakin jarrabawa.